Ɓera Ma Yana Da Iyaka: Darasi Daga Wata Gonar Gado A Jahun

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya sanya wa kowace halitta mazauni a cikinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Na san wani zai yi mamakin ganin malamin Islamiyya ya ajiye babin tsarki da na sallah ya ɗauko zancen ɓera da gafiya. To, a yi mini uzuri. Wani kuskure ne na tafka da hannuna, da alƙalamina, ina ganin kaina a kan daidai, har sai da waɗannan ƙananan halittu suka karantar da ni abin da ban samu a aji ba. Na ga ya dace in rubuta shi, ko Allah zai sa wani ya amfana kafin ya faɗa inda na faɗa.

Yadda abin ya faro

A shekarar 2019 Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa, Allah Ya jiƙansa da rahama. Daga cikin abin da ya bari akwai gona a bayan garin Jahun. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san yadda take: tudun rairayi, wato jigawa, sai gangare, sai fadama, sai kuma wata jigawar. Gonar ta faro ne daga kan tudu, inda ta yi iyaka da wata tsohuwar maƙabarta mai cike da sabara da kargo da manyan tsamiyoyi, ta gangara har bakin fadamar da ake shinkafa da damina. A tsakiyarta akwai wani ziri na ƙasa, faɗinsa bai wuce taki huɗu ba, wanda ya miƙe tun daga maƙabartar har zuwa fadamar. Gamba ce a cikinsa da aguwa da 'yan sabara, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin mahaifinmu ya sa masa garma ba.

Da aka zo rabon gado, kasancewar ni ne na yi karatun fara'id a gidan, sai aka ɗora mini lissafi. Mahaifiyarmu ta ɗauki tumuninta, ragowar kuma aka kasa shi kashi 11 tsakanin maza huɗu da mata uku. A takarda komai ya fita sarai. Da muka je gona da igiya sai zirin nan ya tsaya mana a wuya, domin duk wanda ya faɗo a kasonsa zai ga kamar an tauye shi. Ni ne na kawo shawarar a sare shi, a ƙone, a haɗa shi cikin awo, kowa ya samu ƙasar noma tsantsa. Har hujja na kawo, cewa adalci tsakanin magada wajibi ne, ciyawa kuwa ba ta da kaso a littafi.

Ƙanin mahaifinmu, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tamu, yana zaune a gindin gawo yana sauraro. Sai ya ce, "Malam ƙarami, wannan zirin hanyar masu gida ce." Na ce, "Waɗanne masu gida, Baffa?" Ya ce, "Waɗanda suka riga ubanku zama a nan. In ka toshe musu hanya, za su nemi wata, kuma ba su da wata sai ta gidanka." Na sunkuyar da kai don ladabi, amma a zuciyata na ɗauki maganar a matsayin irin zancen tsofaffi da ba ya da madogara. Muka sare, muka cinna wuta.

Ranin da ya biyo baya, gafiya ta haƙa rami a ƙarƙashin rumbun yayanmu, wanda gidansa ne na ƙarshe ta wajen gonar. A ɗakin da nake ajiye littattafai kuma ɓeraye suka cinye gefen Risalar Ibn Abi Zaid ta mahaifinmu, wadda ya cika gefenta da sharhi da rubutun hannunsa. Hatsi ana sake nomawa, amma wannan rubutu ya tafi ke nan. Ba na cewa sare zirin ne kaɗai ya jawo haka, domin ɓera bai taɓa ƙaura daga gidajenmu ba. Sai dai abin ya sa maganar Baffa ta dawo mini, ta hana ni sakat.

Abin da masana suka gano

Akwai wani abokina da muka yi zaman jami'a tare, ni ina sashen Larabci shi yana sashen nazarin halittu. Da na ba shi labari sai ya yi dariya, ya ce abin da Baffa ya faɗa fanni ne sukutum da mutane ke ƙare rayuwarsu a kansa. Shi ne ya buɗe mini ƙofar karatun da zan taƙaita a nan.

A shekarar 1943 wani masanin dabbobi ɗan Amurka mai suna William Burt ya fayyace wata ma'ana da har yau ake aiki da ita. Ya nuna cewa dabba ba ta yawo kara zube. Kowace tana da wani yanki sananne da take zagayawa a cikinsa wajen neman abinci da barbara da renon 'ya'ya, wanda a Hausa za mu iya kiransa da'irar yawo. Ya kuma bambanta wannan da'ira da ɗan yankin da dabba ke karewa da faɗa idan wata ta shigo. Wato dai kamar mutum ne da unguwarsa da gidansa: unguwa ta kowa ce, ana haɗuwa a cikinta, gida kuwa sai da sallama.

Hanyar da ake bi a gane wannan da'ira tana da sauƙin fahimta. Ana jera tarkunan da ke kama dabba da rai a kan layuka, tazararsu ɗaya. Duk wadda aka kama sai a yi mata alama, a rubuta wurin, a sake ta. Idan aka yi ta maimaitawa wata da watanni, wuraren da aka sake kama ta su ne za su zana taswirar rayuwarta. Wasu kuma suna ɗaura wa dabbar 'yar na'ura a wuya mai aika sigina, su bi ta da dare. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, masana daga Jami'ar Sokoine da takwarorinsu na Beljiyam sun shafe shekaru tun 1994 suna irin wannan aiki a fili guda a kan ɓeran gona mai yawan nonuwa, wanda a ilmance ake kira Mastomys natalensis. Daga cikin abin da suka gano akwai cewa wannan ɓera ba ya kare yanki, da'irorinsu suna hawa kan juna, shi ya sa suke iya taruwa da yawa a ƙaramin wuri.

To, me ke faruwa idan aka gutsuttsura dajin da dabba ke zaune, ya koma tsibirai a tsakiyar gonaki da hanyoyi? A jihar Kansas ta Amurka an yi gwaji tun daga 1984: aka ɗauki tsohuwar gona aka bar ciyawa ta girma a wasu yankuna manya da ƙanana, ana aske tsakaninsu. Sakamakon da aka wallafa a 1995 a kan nau'i uku na ɓerayen daji ya nuna cewa gwargwadon yadda wuri ya gutsuttsure, gwargwadon yadda masu ƙaura daga yanki zuwa yanki suke raguwa, waɗanda suka yi ƙundunbalar fita kuma sai sun yi tafiya mai nisa. Game da hanyoyin mota kuwa, wani bincike a Kanada a 1974 ya nuna ƙananan dabbobin kurmi ba kasafai suke tsallaka hanyar da sararinta ya wuce mita 20 ba. A Jamus ma, a 1984, an ga ɓerayen kurmi suna kai da komo a gefen hanya mai faɗin mita 6 kacal, amma kusan babu mai haye ta. Dalili a fili yake: ƙaramar dabba a sarari abincin shaho ce da mujiya. Abin da ke gare mu taki goma, a wurinta kogi ne.

Abin da toka ta nuna mana

Ni ba ni da tarko ko na'ura, amma ƙasarmu rairayi ce, kuma rairayi allo ne da ba ya ɓoye sawu. Da kaka ta zo, sai na roƙi Baffa izini, domin nasa zirin yana nan bai taɓa ba. Na ɗebi manyan ɗalibaina su biyar, muka riƙa zuwa bayan La'asar muna share wasu wurare da reshe, mu barbaɗa toka da rariya, sannan mu dawo bayan sallar Asuba mu karanta abin da dare ya rubuta. Mun yi haka kusan mako uku. Baffa ne malaminmu a wannan makaranta, shi ke gaya mana wannan sawun wane ne.

A nan na fara gane cewa kalmar ɓera da muke yi wa kowa jam'u ta rufe al'ummomi dabam-dabam. Akwai ɓeran ciyawa mai ɗan kauri, mai fitowa da rana, wanda ke yin 'yan hanyoyi kamar burtali a ƙarƙashin gamba. Sawunsa bai taɓa nisa da zirin ba. Ya fita taki biyar ko shida ya ɗauko abin da zai ɗauka ya komo. Akwai ɓeran rairayi, ƙarami mai launin ƙasa da dogayen ƙafafun baya, wanda raminsa ke kan tudu a fili, shi ne manoma ke kuka da shi a nan da Jamhuriyar Nijar saboda tone irin gero bayan shuka. Akwai kurege, mai yawon rana, wanda ya fi kowa faɗin da'ira, amma duk inda ya je yana sane da ramin da zai faɗa in an koro shi. Sai gafiya, wadda ke fita da dare ta cika kumatunta ta kai rami, abin da ya sa Bahaushe ke ce mata ta tsira da na bakinta. Sawunta ya nuna mana tana tasowa daga wajen maƙabarta, ta bi gindin gamba har fadama, ta komo ta hanyar da ta bi. Jaba kuwa, da muke haɗa ta da su, ashe ba danginsu ba ce, ƙwari take ci.

Da muka barbaɗa toka a namu ɓangaren, inda zirin yake a da, sai muka tarar da allon kusan fari. Babu ɓeran ciyawa ko ɗaya. Sawun gafiya ya fito daga maƙabarta, ya yi ɗan nisa a sarari, ya juya. Wani kuma ya karkata ya bi layin dangar kara da ke kaiwa gidajen bakin gari. Wani ɗalibina ya dube ni ya ce, "Malam, ashe hanyar gidan Yaya ta koma bi." Ban ba shi amsa ba, domin toka ta riga ta ba shi.

Mun kuma gwada a bakin kwalta. Sawu da yawa yana tafiya a gefen hanya, yana bin ciyawar da ke kafaɗarta, amma inda muka fi ganin alamar hayewa shi ne cikin kwalbati. Na tuna da binciken Jamus, na ce Subhanallah, ɗabi'a ɗaya ce Allah Ya kimsa musu daga can har nan.

Tsibiran da suka rage

Idan mai karatu ya bi hanya daga Dutse ta Kiyawa zuwa Jahun, ko ya zarce Gujungu, ya dubi dama da hagu. Zai ga gona tana manne da gona, gero da dawa da gyaɗa da riɗi da zoɓo, sai itatuwa jefi-jefi. Dattawanmu suna ba da labarin lokacin da ake barin gona ta huta shekaru ta koma saura, da lokacin da burtali ke da faɗi, da makiyaya a bayan kowane ƙauye. Tun da aka ƙirƙiri jihar Jigawa a 1991 garuruwa suke faɗaɗa, hanyoyi suke ƙaruwa, kuma kowane rabon gado yana mai da gona ɗaya gonaki. Wannan ba laifin kowa ba ne, mutane ne suka yawaita, kuma kowa yana da haƙƙin ci. Amma sakamakonsa shi ne abin da ya rage wa namun daji bai wuce maƙabartu ba, da gindin duwatsu irin na Dutse, da bakin fadamu, da 'yan ziraran gamba na kan iyaka. Waɗannan ziraran su ne gadojin da ke haɗa tsibiran.

Idan gada ta karye, ba duka dabbobi ne ke shan wahala iri ɗaya ba, kuma a nan ne babban darasin yake. Mai buƙatar rufin ciyawa yana maƙalewa a tsibirinsa, ya ragu ko ya ƙare. Masu cin ɓera, irin su mujiya da macizai da kyanwar daji, su ma suna rasa maɓoya. Wanda ke cin riba shi ne wanda ya iya zama da mutum, wato ɓeran nan mai yawan nonuwa. Macensa tana iya samun nonuwa har 24, cikinta kimanin mako uku ne, kuma takan haifi goma ko fiye a lokaci guda. Gona gidansa ce, ɗaki ma gidansa ne. Binciken da aka yi a unguwannin Yamai, wanda aka wallafa a 2014, ya same shi a cikin gidaje a sassa da yawa na birnin. Ashe idan muka share daji ƙaf, ɓera ba ya ƙarewa. Zaɓe muke yi ba mu sani ba: mu kori masu kunya, mu bar marar kunya.

Ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna mai yawa a jiharmu, ta ƙara nuna mini wani gefen. Da ruwa ya cika fadamu, duk mai rai ya nufi tudu, kuma a kan tudun ne gidajenmu suke. A gonar Baffa dabbobin sun hau ta cikin ziri sun shige maƙabarta. A wuraren da babu irin wannan mafaka, ina za su nufa in ba cikin gari ba? Malaman tafsiri, a ƙarƙashin ƙissar mutanen Saba'u, sun kawo ruwayar cewa wani nau'in ɓera ne ya yi ta huda madatsar ruwan Ma'arib ta ƙasar Yaman har ta ɓalle. Ko yaya matsayin ruwayar yake, duk manomin da ya taɓa ganin jingarsa ta fashe ta ramin gafiya ya san ƙaramin abu yana iya rusa babba.

Inda abin ya shafi rai

Da a ce asarar ta tsaya ga hatsi da littafi, da da sauƙi. Wannan ɓera mai yawan nonuwa shi ne babban maɗaukin ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Shi ba ta kayar da shi, amma yana zubar da ita a fitsari da kashi, mutum kuma ya ɗauka ta abincin da ya gurɓata ko ta taɓa dabbar. Rahotannin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, suna nuna cutar ta fi tashi da rani, kuma Bauchi, maƙwabciyarmu, tana cikin jihohin da suka fi fama da ita tare da Ondo da Edo.

Me ya sa da rani? Daga cikin amsoshin akwai tafiyar ɓeran kansa. A ƙauyukan yankin Faranah na ƙasar Gini, masana sun lura cewa ya fi yawa a cikin ɗakuna da rani, lokacin da aka kwashe amfanin gona aka kai gida. A wani aikin da aka wallafa a 2018, sun sa wa abinci wani rini da ke bayyana a gashin bakin dabbar da ta ci, suka tabbatar cewa ɓerayen suna kai da komo tsakanin ɗakuna da gonakin da ke kusa. Ma'ana, da'irar yawonsa ta haɗa gonarka da tukunyarka. Shi ya sa wanda ya sa guba a ɗakinsa kaɗai yake ganin bayan ɗan lokaci wasu sun maye gurbi. Shi ya sa kuma ƙona daji da yaranmu ke yi da rani don farautar gafiya yake da haɗari biyu: suna kama dabbar da hannu, sannan suna ƙone mafakar da ta rage, su koro sauran zuwa gari.

Abin da na tarar a namu littattafan

Abin kunya gare ni shi ne, da na koma littattafan da nake karantarwa, sai na tarar ba su bar wannan babi ba, ni ne ban lura ba. Aya ta 38 ta Suratul An'am tana karantar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Aya ta 6 ta Suratu Hud kuma tana nuna arzikin kowace dabba yana wuyan Mahaliccinta, kuma babu mazauninta da ya ɓoyu gare Shi. Na sha karanta su a matsayin darasin tawakkali, ban taɓa tunanin cewa mazaunin nan yana iya zama taki huɗu na gamba a gonar mahaifina ba.

Larabawan farko ma sun san ramukan waɗannan dabbobi sani na ƙwarai. Malaman lugga, kamar Ibn Manzur a Lisanul Arab, sun bayyana cewa kalmar nifaƙ, wadda muka aro muke cewa munafunci, tana da alaƙa da ramin yarbu'u, wani ɓeran hamada mai tsalle. Yana da ƙofar da yake shiga a bayyane, yana kuma da wata ta ɓoye da ya bar rufinta da siriri, in an tare shi ta nan sai ya fasa can ya fice. Jahiz ma ya yi dogon bayani a kan ɓeraye a Kitabul Hayawan. Mutanen da suka ciro sunan cutar zuciya daga ramin dabba, babu shakka sun durƙusa sun duba.

A Sunna kuwa an haɗa mana gefe biyu. Ɓera yana cikin dabbobi biyar masu cutarwa da aka halatta kashewa ko da a Harami ne. An umarce mu da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka da kashe fitila kafin barci, aka kuma ambaci cewa ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone gida. Wannan shi ne tsaron gida da likitoci ke kira gare shi a yau. A ɗaya gefen, an hana azabtarwa da wuta, har Manzon Allah (SAW) ya yi inkarin ƙona gidan tururuwa, an kuma kore camfin da ake yi da mujiya, wadda mu har yau muke jifa alhali ita ce mai gadin rumbunmu da dare. Shari'a ta san hima, wato yankin da shugaba ke keɓewa a hana nomansa don maslahar jama'a, kamar Naƙi'u kusa da Madina, da Rabaza a zamanin Sayyidina Umar (RA). Ashe barin wani yanki ba a noma ba yana iya zama shi ne gyara.

Ba ina cewa rabon da na yi ya saɓa wa Shari'a ba. Kason kowa daidai yake, kuma da za a sake, haka zan sake lissafawa. Kuskurena shi ne na ɗauka adalci ba zai tabbata ba sai an share zirin, alhali akwai mafita a cikin fiƙihun kansa: a bar shi tarayya tsakanin magada da yardarsu, ko a yi masa ƙima, tun da gamba ma dukiya ce, da ita ake zana da jinka. Na san hukunci, ban san gona ba. Baffa bai san tumuni da sudusi ba, amma ya san wanda ke bin ta ina.

Abin da muka yi

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa ziri maganin ɓarna ne. Ɓeran da ke cikin gamba yana taɓa gyaɗar da ke kusa da shi, Baffa ma bai musa ba. Cewa ya yi, "Zakkar gona ce, Malam ƙarami. Gara ya ci a can da ya ci a ɗaka." Kuma Bahaushe ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babu zirin da zai tsare gidan da ake shanya hatsi a ƙasa a kwana, ake barin tuwo a buɗe, ake tara bola a jikin katanga.

Don haka muka kama abin ta gefe biyu. A gida, yayanmu ya ɗaga rumbunsa a kan duwatsu ya share kewayensa, muka toshe ramuka, hatsin ci ya koma cikin durom mai murfi, littattafai kuma cikin akwatin ƙarfe. A makaranta na sa wannan a cikin darasin tsarki, na hana ɗalibaina farautar gafiya da wuta, na kuma gaya musu duk zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a garzaya asibiti. A gona kuma, da daminar 2023, na tara 'yan'uwana na faɗa musu a fili cewa shawarar da na bayar a baya ba ta yi ba. Ba abu ne mai sauƙi ba ga wanda ake kira Malam a gida. Ƙannena mata ne suka fara amincewa. Kowa ya bayar da taki ɗaya daga bakin kasonsa, muka ɗebo saiwar gamba daga wurin Baffa muka dasa, muka kafa aguwa a tsakani. Bai kai faɗin na da ba, sabara kuma sai a hankali. Amma da kakar 2024 na koma da rariyata da tokata, na tarar da 'yar siririyar hanya a ƙarƙashin gambar, da sawu a kanta yana gangarawa fadama.

Nasihata ga 'yan'uwana malamai da ake kira rabon gona ita ce, kafin a miƙa igiya a zagaya gonar da ƙafa tare da dattijon da ya san ta, a tambayi dalilin duk abin da mamaci ya bari bai noma ba. Ga manoma kuma, a ji tsoron Allah a kan burtali da kan iyaka da itatuwan maƙabarta. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani a kan abin da na rubuta, musamman masana wannan fanni, ƙofa a buɗe take.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare ni ne da Shaiɗan. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya kare mu daga annoba, Ya sanya albarka a gonakinmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.